Bashin ban haƙuri: wa ke bin wa a Maradi?

A daren Asabar 15 ga watan Yunin 2019, wayewar Lahadi, aka cinna wa majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwar Zariya wuta a nan Maradi, aka haɗa da motar fastonta. Wanda duk ke garin a lokacin ya san mafarin abin. Gwamnati ta shirya dokar tsara harkokin ibada. Wani babban limami na unguwar ya hau mumbari ranar Juma'a ya ce dokar yaƙi ce da Musulunci. Ranar Asabar ƴan sanda suka kama shi, matasa suka fito suka tare hanyoyi suna ƙona tayoyi. Ranar Lahadi aka sako shi, kuma ya yi abin da ba kasafai manyanmu ke yi ba. Ya ce wa mabiyansa su daina ƙone-ƙone, Musulunci bai yi umurni da haka ba. Ya ce masu fassara masa takardar daga Faransanci zuwa Hausa ne suka ɓatar da shi, abin da aka karanta masa ba shi ne ainihin dokar ba, ya kuma ba da haƙuri. Ranar Litinin 17 ga wata majalisar dokoki ta amince da dokar a Yamai.

Na jinjina wa malamin a kan wannan, har yanzu ina jinjina masa. Mai rawani ya tsaya gaban jama'a ya ce an ɓatar da shi, abu ne mai nauyi a garin da girma ya fi kuɗi tsada. Amma a sake bin labarin daga farko a nemo mini Kirista a cikinsa. Gwamnati ce ta rubuta doka. Masu fassara ne suka karkatar da ita. Ƴan sanda ne suka yi kamu. Rigima ce tsakanin hukuma da wani sashe na Musulmi, daga farkonta har ƙarshenta. To, ta yaya aka yi wuta ta ƙare a kan rufin majami'a? An bar jaki ana dukan taiki, kuma ba ranar aka fara ba.

A watan Nuwamban 2000, da aka yi zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA, bikin a kusa da Yamai aka shirya shi, wanda ya ƙirƙiro shi kuma Musulmi ne, amma a Maradi fushin ya faɗa kan mashaya da gidajen mata masu zaman kansu da wuraren Kiristoci. A Janairun 2015 abin ya fi muni. An kai wa jaridar Charlie Hebdo hari a Paris ranar 7 ga wata, mutum 12 suka mutu. Shugaba Mahamadou Issoufou ya je Paris ya shiga jerin gwanon yin tir da harin ranar 11. Ranar 14 jaridar ta sake fitowa da zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ranar Juma'a 16 Damagaram ta kama, washegari Yamai ta ɗauka. Mutum 10 suka rasa rayukansu a garuruwan biyu, ƴan sanda suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai, ɗaruruwan Kiristocin Damagaram suka fake a barikin soja. Mu ma nan ba mu tsira ba, an ƙona majami'u a Maradi.

Me aka samu? Jaridar da a da take buga kwafi wajen dubu 60, wannan fitowar miliyoyi ta sayar. Ba ta ba kowa haƙuri ba, a watan Satumban 2020 ma sake buga zane-zanen ta yi. Masu aikinta yawancinsu ba ruwansu da kowane addini, sun sha zana Fafaroma da Annabi Isa, alaihis salamu, a siffar wulaƙanci. Abin da ya fi ba ni takaici, ranar 15 ga Janairun, kwana ɗaya kafin Damagaram ta kama da wuta, Fafaroma Francis ya gaya wa ƴan jarida a cikin jirgi cewa ba daidai ba ne a zagi addinin mutane, har ya kawo misali da cewa wanda ya zagi mahaifiyarsa to ya saurari naushi. Wato shugaban Katolika na duniya yana gefenmu a kan maganar, mu kuma muna nan muna farfasa bencin mabiyansa.

A cikin waɗancan kwanakin ina zaune a wata fada da yamma, ana jiran shayi na biyu ya nuna. Akwai wani kafinta Kirista da ke zama tare da mu, dattijo ne, kakansa ya karɓi addinin tun zamanin da ƴan mishan suka zauna a Tsibiri. Wani yaro da bai fi shekara ashirin ba ya dube shi ya ce, "Baba, ku ne fa kuka zagi Manzo." Wurin ya yi tsit. Dattijon ya ajiye kofinsa ya ce, "Ɗana, ni ko Yamai ban taɓa zuwa ba, bare Faransa. Ka taɓa jin na ambaci Annabi ban girmama shi ba? Gwaggona Hajiya ce, a gidanta nake cin naman layya." Yaron ya sunkuyar da kai. Mai dafa shayin ya ce, "Kai, ba Baba haƙuri." Ya ba shi, aka ci gaba da hira. Sai dai na lura dattijon bai ƙara zama har bayan Isha'i ba sai da ƙura ta lafa.

Ra'ayina a nan yake. Ban haƙuri bashi ne, yana da mai bi yana da wanda ake bi. Kiristan Maradi ba a bin sa bashin abin da wani ya zana a Paris ko a Denmark. Shi ne ma yake bin mu bashin rufin da aka ƙona masa da daren da ƴaƴansa suka kwana a firgice. Mun iya neman a ba mu haƙuri daga nesa, har da kwalaye da maci, amma ƙafarmu tana nauyi idan tafiyar ta taki goma ce zuwa ƙofar maƙwabci.

Abin mamaki, mun fi kowa sanin yadda ake yi. A unguwarmu wani ɗan kabu-kabu ya taɓa banke wata yarinya mai talla, ƙafarta ta karye. Bayan Magariba sai ga mahaifinsa da kawunsa da wakilin mai unguwa sun yi sallama a zauren gidan su yarinyar. Aka shimfiɗa tabarma. Kawun ya ce, "Alhaji, ban haƙuri muka zo. Yaronmu ne ya yi ɓarna." Uban yarinyar ya ce ƙaddara ce, ba komai. Kawun ya tura kuɗin mai ɗori da na magani ƙarƙashin tabarma. Alhaji ya turo su, aka sake turawa, sai da wakilin mai unguwa ya sa baki ya karɓa. Sannan aka kira yaron, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yafe mini." Alhaji ya ce, "Tashi, ya wuce. Allah shi kiyaye gaba." Wanda ya yi laifin shi ya zo, ƙofar wanda aka cuta ya zo, bai zo hannu rabbana ba, kuma tun da aka ce ya wuce ba wanda ya sake tayar da maganar. Ba wanda ya je tasha ya kama wani ɗan kabu-kabun daban ya doka don sana'arsu ɗaya. Wannan tsarin kowa ya tashi ya gan shi a Bagalam da Mokoyo da Ɗan Gulbi. Da zarar an ce addini, sai mu yi kamar ba mu taɓa ganinsa ba.

Alhali addinin ne ya koya mana shi. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama, ciki har da Suratul An'am, cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. A Suratul Hajji, da Allah ya ambaci wuraren da za a rusa in ba don yana kare wasu mutane da wasu ba, ya lissafa wuraren ibadar ruhubanawa da majami'u da wuraren ibadar Yahudu tare da masallatai. Ɗan makarantar allo ma ya san sharuɗɗan tuba: ka bar laifin, ka yi nadama, ka ƙudurta ba za ka koma ba, in kuma haƙƙin wani ne ka mayar masa. Ba a ce in haƙƙin Musulmi ne kaɗai ba. Su ma Kiristoci a Linjilarsu an ce wanda ya kawo baiko wurin ibada ya tuna ɗan'uwansa na da ƙorafi a kansa, ya ajiye baikon ya je su shirya tukuna.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a fuska: kai ba ka da kishin Annabi. Wallahi zanen nan ya yi mini ciwo, kuma ban yarda da masu cewa ƴancin faɗin albarkacin baki ya halatta wa mutum ya taka abin da mutane sama da biliyan ɗaya suka fi so fiye da iyayensu ba. Ƙasashen da ke wannan iƙirarin su ma suna da maganganun da dokarsu ta hana a furta. Fushin halal ne. Zanga-zangar lumana halal ce, ƙaurace wa kaya halal ne, kiran jakada a nuna masa ɓacin rai halal ne. Amma Annabin da muke kishi shi ne ya tura sahabbansa Habasha wurin Najjashi, sarki Kirista, ya ce ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Shi ne ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina, suka yi muhawara, suka koma gida da yarjejeniya a hannu. Wanda ya kwashe kujerun majami'a ya kai gida, ko ya fasa shago ya ɗebi kaya, ya gaya mini a wane babi ya karanta wannan kishin.

Akwai wata hanyar, kuma an gwada ta. Ranar 12 ga Satumban 2006 Fafaroma Benedict na 16 ya yi lacca a jami'ar Regensburg a Jamus, ya kawo maganar wani sarkin Rumawa na ƙarni na 14 mai muni a kan Manzon Allah. Duniyar Musulmi ta tashi. Ranar 17 ga wata ya fito ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai da yadda maganar ta ɓata wa mutane rai, kuma ba ra'ayinsa ba ne. A ganina rabin ban haƙuri ne, irin wanda mutum ke jimamin fushinka fiye da abin da ya faɗa. Amma dubi abin da malamai suka yi da rabin nan. Bayan wata ɗaya malamai 38 daga ƙasashe da mazhabobi daban-daban suka rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa, suka karɓi bayaninsa, suka bi kurakuran laccar ɗaya bayan ɗaya suka warware cikin ladabi. A ƙarshen Nuwamba ya je Turkiyya ya shiga babban masallacin Sultan Ahmad na Istanbul ya tsaya tare da muftin birnin. A Oktoban 2007 malamai 138 suka aika wa shugabannin Kiristoci wata wasiƙar, suka gina ta a kan ayar Ali Imrana mai kiran Ma'abota Littafi zuwa ga kalma mai daidaitawa. Ranar 4 ga Fabrairun 2019 magajinsa Francis da Shaihul Azhar Ahmad al-Tayyib suka sa hannu a takardar ƴan'uwantaka a Abu Dhabi. Alƙalami ya kai Fafaroma cikin masallaci. Ashana ba ta sa jaridar Paris ta janye ko layi ɗaya ba.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne karɓa. A Nuwamban 2002 jaridar ThisDay ta Najeriya ta buga wani rubutu a kan gasar sarauniyar kyau da ya taɓa martabar Annabi. Jaridar ta ba da haƙuri a shafinta na farko, ta sake bayarwa. Duk da haka sama da mutum 200 suka mutu a Kaduna, Musulmi da Kirista, yawancinsu ba su taɓa riƙe jaridar ba. A watan Mayun 2022 a Sakkwato an kashe wata ɗaliba Kirista a kwalejin ilimi bisa zargin ɓatanci a saƙon WhatsApp, ba alƙali ba shaidu ba dama ta buɗe baki, har sai da fadar Sarkin Musulmi ta fito ta yi tir da kisan. In muka nemi a ba mu haƙuri, aka bayar, muka ƙi karɓa, ko muka zartar da hukunci kafin a bayar, to me zai sa wani ya ƙara wahalar da kansa gobe? Mu da Katsina tafiyar sa'o'i kaɗan ce ta Ɗan Isa da Jibiya. Abin da ya tashi a can da safe, kafin Azahar yana cikin wayoyin yaranmu, wani lokacin da hoton da aka ɗauka a wata ƙasa shekarun baya.

Ƴan'uwanmu Kiristoci ma ina da magana da su, kuma ba zan sassauta ba don sun yi ƙaranci. Tsofaffin majami'un garin nan, waɗanda suka samo asali daga mishan ta SIM da ta shigo Nijar a 1924, da kuma Katolika da suka samu dayosis ɗinsu na Maradi, wato yankin da bishop ke jagoranta, a 2001, sun daɗe da sanin zama da mutane. Asibitin kutare na Danja da asibitin Galmi sun yi wa Musulmi magani fiye da yadda suka yi wa Kirista, ba wanda aka tambaya kalmar shahada a bakin ƙofa. Amma akwai sabon salon wa'azi da ya zo daga baya, mai lasifika da ƙarar ganga, wanda wani lokaci ba ya iya yabon Yesu sai ya soki Musulunci a fakaice. Akwai kuma samari a Facebook da ke kwaso maganganun masu zagin addini daga waje suna yaɗawa, in an yi magana su ce ai tambaya kawai suka yi. Wanda ya yi haka ya yi laifi, kuma fastonsa ya kamata ya fara kama kunnensa ya kai shi ya ba da haƙuri da bakinsa, haƙuri na gaskiya, ba irin na "in ran wani ya ɓaci" ba. Mai laifin da ya ce in ranka ya ɓaci, laifin ya mayar kanka.

Sai dai in za a auna, a auna da mudu ɗaya. Lasifikokinmu sun fi nasu yawa nesa ba kusa ba. Sau nawa Kiristan Sabon Gari yake kwance a ɗakinsa yana jin ana kiransa arne ana tsine masa daga masallacin bayan gidansa? Ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin ɗari ba. Wanda yake kashi 99 ba ya buƙatar ɗaga murya kafin a san yana nan. Suratul An'am ɗin nan dai ita ce ta hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah cikin jahilci. Bambancin aƙida na nan daram, ba mai cewa a ɓoye shi. Ni ban yarda Allah yana da ɗa ba, maƙwabcina bai yarda da annabcin Annabina ba, kowa ya san matsayin kowa tun muna yara. Faɗin aƙidarka daban, cin mutuncin mutum daban.

Hukuma ma tana da nata kason. Kama limami ranar Asabar a sake shi ranar Lahadi bai nuna ƙarfi ba, bai nuna dabara ba. Da an tara malamai an karanta masu dokar da Hausa tun kafin ta isa majalisa, an sa ta a gidajen rediyon gari ana maimaitawa, da takardar bogi ba ta sami kasuwa ba. Yanzu da aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, ba sauran uzuri a bar doka mai taɓa ibada cikin Faransanci, talaka ya jira mai waya ya fassara masa yadda ya ga dama. Kwamitocin tattaunawa tsakanin addinai kuwa suna ƙoƙari, amma yawancin zamansu a ɗakin taro ne tsakanin manya masu fahimtar juna tun asali. Yaron da ke ɗauko galan ɗin fetur ba ya cikin ɗakin.

Ba na cewa garin nan ba mutanen kirki. A 2015 Musulmi da yawa a ƙasar nan sun ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu, malamai sun fito a talabijin sun yi kiran a tsaya. A Najeriya, a watan Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na wani ƙauye a Barikin Ladi ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ƙi ba da su. Irin waɗannan suna nan a kowace unguwa. Abin da muka rasa shi ne mataki na gaba, na bayan wuta ta mutu. Mukan ce ɓata-gari ne, ba ƴan unguwa ba ne, mu shafa fatiha mu watse. Ɓata-garin nan kuwa suna da iyaye, a gidajenmu suke cin tuwo, an san su da suna.

Abin da nake so in gani, in Allah ya kiyaye aka sake irin wannan, bai wuce abin da kawun ɗan kabu-kabu ya yi ba. Mai unguwa da liman da iyayen yaran su taka zuwa wurin fasto da rana tsaka, su ce yaranmu ne suka yi ɓarna. A kira magini da kafinta su yi lissafin kwano da katako da benci. Waɗanda kotu ta kama da laifi su biya, abin da ya gagare su dangi su cika, in ya so fadar Sarkin Katsinar Maradi ta tsaya a tsakani kamar yadda take tsayawa a rikicin gona da na gado.

Wani abokina ɗan kasuwa da na gaya wa haka ya ce, "Malam, kana so in sa kuɗina a gina coci?" Na ce masa ba sadaka na ce ya bayar ba, ba kuma taimakon addinin wani ba ne. Biyan ɓarna ne. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamanmu sun bayyana cewa wanda ya lalata dukiyar wani zai biya kwatankwacinta ko ƙimarta, kuma dukiyar wanda ake zaune da shi bisa amana tana da alfarma ko ba Musulmi ba ne. Ya ce zai tambayi malaminsa. Na ce ya tambaya, ya kuma tambaye shi hukuncin bencin majami'a da aka kwaso ranar tarzoma aka ajiye a ƙofar gida ana zama a kai ana alwala.